Ɗakin Tafi-da-gidanka: Lafiyarsa Tun Daga Gida Take Farawa

A ƙasashen Turai, musamman Ingila da Jamus da Holan, da zarar sanyi ya wuce sai a ga manyan hanyoyi cike da ƙananan motoci suna jaye da wasu ɗakuna masu taya. Cikin ɗakin akwai gado da wurin girki da makewayi, iyali su kwana inda dare ya riske su. Turawa suna kiransa karaban, kalmar da asalinta daga Farisa take, ma'anarta kuwa ayari. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma kuma kaya ne da yakan wuce kilo 1,000, wanda ƙugiya guda kawai ta haɗa shi da mota. Yawancin haɗarin da ke tattare da shi tun a ƙofar gida ake shuka shi, wajen lodi da wajen ajiya, don haka can ya kamata doka da mai shi su sa ido.

Abu na farko shi ne nauyi. Ƙungiyoyin masu irin waɗannan ɗakuna a Ingila suna shawartar sabon direba kada nauyin ɗakin, haɗe da kayansa, ya zarce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar da babu kaya. Wato motar da ke da kilo 1,500 kada ta ja fiye da kilo 1,275. Dalili kuwa a fili yake: idan abin da ake ja ya rinjayi mai ja, to shi ne zai riƙa juya akalar tafiyar.

Sai dai yadda aka jera kayan ya fi yawansu muhimmanci. Ana so goshin ɗakin ya danne ƙugiyar mota da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 60 zuwa 84 ga ɗaki mai kilo 1,200. In aka tara kaya masu nauyi a can ƙurya ta baya, goshin zai yi sama, ya rage wa tayoyin bayan mota kamun titi. Bugu da ƙari, nauyin da ya yi nisa da gatarin taya yakan mai da ɗakin tamkar lilo. Iska kaɗan, ko wucewar babbar mota, ta isa ta kaɗa shi gefe. Ya dawo da ƙarfi ya zarce ɗaya gefen, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ya shiga tafiyar maciji ya kifar da motar. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Bath ta Ingila sun nuna cewa rarraba kaya da nauyin goshi suna cikin manyan abubuwan da ke hukunta wannan rawa. Maganinta shi ne a ajiye kaya masu nauyi a ƙasa, daidai kan gatari. In kuwa rawar ta riga ta fara, sai direba ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari sak, kada ya taka birki da ƙarfi, kada kuma ya ƙara wuta.

Gudu shi ne ke hura wutar wannan matsala. Dokar Ingila ta ƙayyade wa mai jan kaya mil 50 a sa'a a kan hanya mai hannu ɗaya, mil 60 kuma a kan tagwayen hanyoyi. Bambancin kamar kaɗan ne, amma ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa, saboda haka daga 50 zuwa 60 ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari.

Abu na biyu shi ne ajiya. Ɗakin yakan shafe watannin hunturu a tsaye wuri ɗaya, kuma zama yana cin sa fiye da tafiya. Birkinsa yana aiki ne idan mota ta rage gudu, sandar haɗi ta matsu ta ja wayar birki. Tsatsa tana iya riƙe wannan waya ba tare da an sani ba. Akwai kuma siririyar igiyar ƙarfe wadda aikinta shi ne ta kama birki in ƙugiya ta kwance. Tayoyi kuwa sun fi komai yaudara: zanensu yana nan sabo fil domin ba su yi tafiya ba, alhali rana da iska sun busar da robar ta tsattsage. Shi ya sa ake shawartar a canza su bayan shekara 5, kada su wuce 7. Shekarun taya a rubuce suke a gefenta da lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

A nan ne dokokin ƙasashe suka sha bamban. A Jamus ana kai irin wannan ɗaki gwajin lafiya duk shekara biyu, kuma wanda ke son izinin gudun kilomita 100 a sa'a maimakon 80, dole tayoyinsa su kasance ba su haura shekara 6 ba. A Ingila kuwa ba a tilasta wa ɗakin gwajin shekara-shekara da ake yi wa mota, sannan a Disamba 2021 aka soke jarrabawar jan kaya ga masu lasisin ƙaramar mota, aka yarje musu jan har kilo 3,500. Masu goyon bayan haka suna cewa an rage wa jama'a kashe kuɗi, kuma mai hankali zai nemi horo da kansa. Amma wanda ɗakin zai afka wa in ya tsinke bai da ta cewa a kan hankalin mai shi. Tsarin Jamus ya fi dacewa, domin tsatsar birki da tsufan taya abubuwa ne da mai gwaji zai gano cikin 'yan mintuna.

Wannan ɗaki bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce ga duk abin da ake ja: tankin ruwa a bayan tarakta, ko injin janareta a bayan a-kori-kura. Kafin a tashi, a duba ƙugiya da fitilu da iskar taya da lambobin da ke gefenta, a kuma tabbatar nauyi yana kan gatari. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.