Wa zai ɗinka wa ɗan cikin kwamfuta babbar riga?

Duk mai buga Free Fire ko PUBG ya san yadda ake zuba kuɗi a kayan sawa. Za ka ga yaro ya haƙura da abincin rana don ya saya wa ɗan wasansa jaket. To, ka taɓa tambayar kanka wa ya ɗinka jaket ɗin? Ai akwai masu wannan sana'a, kuma ina ganin yaran teloli na Yelwa sun fi masu digirin kwamfuta kusa da ita.

Ga dalilina. Manhajar da masu finafinai da wasannin bidiyo suka fi yayi wajen tufafi ita ce Marvelous Designer, ta kamfanin CLO na Koriya ta Kudu, kuma aikinta aikin tela ne sak. Za ka zana yankan gaba, na baya da na hannu a shimfiɗe, ka nuna bakin da za a haɗa da wane, ka jera su kewaye da jikin mutum-mutumin, sai ka danna. Nan take rigar za ta haɗu ta faɗa jikinsa. Kwamfuta na ɗaukar yadin a matsayin raga mai dubban ƙulli, tana lissafa yadda nauyi ke jan kowane ƙulli ƙasa, da yadda iska ke kaɗa shi, da inda zai tokare da fata don kada ya nutse ciki. Kai ne kuma za ka gaya mata nauyin yadin, taurinsa, santsinsa da iya miƙewarsa.

A nan ne maganar take. Wanda bai taɓa riƙe shadda ba, ina zai san wadda ta sha sitaci da bugu tsayawa take yi, ta karye da kaifi kamar takarda, alhali atamfar da ta sha wanki kwantawa take? Babbar riga kuwa ita ce jarrabawa. Faɗinta ya wuce tsawon hannu, sai an naɗe ta an ɗora a kafaɗa, yadi bisa yadi, wanda shi ne abin da ya fi wahalar da irin waɗannan manhajoji. Ga aikin aska takwas da ke ƙara wa ƙirji nauyi da tauri. In ba a saita wannan ba, rigar sai ta fito kamar an rufa wa mutum zanen gado.

Shi ya sa nake dariya idan na ga ana raba hotunan AI a Facebook wai "Bahaushe", alhali jallabiyyar Larabawa aka sa masa da wani rawani mara asali. Mu yi ta ƙorafi a ƙasan hoton, amma ba mai zama ya gina tamu.

Ku dubi Rigata ta Yauri kawai: jiragen ruwa a jere, matuƙa cikin shigarsu, 'yan majalisar sarki da rawuna, iskar kogi tana kaɗa komai. Wanda zai yi katun ko wasan bidiyo a kan wannan, ko a kan Gungawan da aka tasa daga tsibiransu lokacin da aka kammala dam ɗin Kainji a 1968, dole ya nemi wanda ya san yadda zani ke manne wa jiki idan ya jiƙe. Disney da Kugali sun fitar da Iwájú a 2024, labarin Legas da shigar Legas. Kasuwar na nan tafe.

Na san abin da za ku ce: kuɗi da wuta. Marvelous Designer ta biya ce, kuma waya ba ta ɗaukar wannan aiki, sai laftof mai ƙarfi. Wuta kuwa, muna bakin tafkin da ke ba ƙasa lantarki amma ba a cewa komai. Sai dai Blender kyauta ce, tana da sashen yadi har da ɗinki, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025 (dabbobi ne a ciki, ba mai ko ɗan kamfai, amma dai).

Ni da zan ba da shawara, kada kowa ya ce shi kaɗai zai koya. Mai laftof daga Wara ko Shanga ya nemi yaron tela, ɗaya na danna kwamfuta, ɗaya na cewa "wannan hammatar ta matse". Ku fara da 'yar shara ko kaftani. Babbar riga sai hannu ya faɗa.