Sama Ba Ta San Gwamna Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, ranar 25 ga Oktoba 2012 Gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, ya tuƙo ƙaramin jirgi samfurin Cessna 208 daga Jalingo, ya faɗi kusa da Yola. Aka kai shi Jamus, aka kai shi Amurka, jiharsa ta faɗa rikicin shugabanci, har ya rasu a 2017. Hukumar binciken haɗari ta gano ba shi da cancantar tuƙa irin wannan jirgi.

Jirgi mai inji ɗaya ba abin wasa ba ne. In injin ya mutu, 'yan mintuna kawai matuƙi ke da su: ya riƙe gudun da ya dace, ya zaɓi fili, ya sauka. Horo ne ke ceto a nan, muƙami bai taɓa yi ba.

Tambayarmu ita ce, ma'aikata nawa suka ga takardun suka yi shiru? Direban da ke ɗauko albasar Aliero zuwa kasuwar Jega, ko ya bi hanyar Maiyama, in ba lasisi sai a tare shi. Yaya babba zai hau sama ba mai cewa uffan?

Gobe mu ne za mu riƙe alƙalamin sa hannu. Duk wanda ya sa hannu don tsoron mai gida, da shi aka haƙa kabarin. Mu koyi cewa a'a tun yanzu.