ZAUREN MATAFIYA: Wane Inji Ya Dace Da Tsohuwar A-kori-kura?

A wannan wata za mu taɓo wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun 'yan'uwanmu, tun daga Tamanrasset har nan Tahifet. Gardamar kuwa ita ce, idan mutum ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi tsohuwar a-kori-kura, wane inji zai nema? Wannan ya ce mai ƙarfi, wancan ya ce marar shan mai. To, mu a ganinmu hanyar da motar za ta bi da kayan da za ta ɗauka su ne za su raba wannan gardama.

Da farko mu tuna inda muke zaune. Garin Tamanrasset yana bisa tudu, wajen mita 1,400 sama da teku, ƙauyukan cikin duwatsun Ahaggar kuwa wasunsu sun fi haka. Iskar tudu ba ta da kauri, shi kuma inji da iska yake ƙona mai. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da aka hau. Ke nan motar da aka gwada a Aljas, a bakin teku, aka ji tana fizga, idan ta iso nan sai a ga ta yi sanyi. Ba mai sayarwa ne ya cuce ka ba, tudu ne ya karɓi rabonsa.

Mu dubi Toyota Land Cruiser ɗin nan jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, wadda a kudancin Aljeriya ake ce wa Station. Injinta na man gas, wato mazut, mai suna 1HZ ya fito a 1990. Silinda shida gare shi, lita 4.2, ƙarfinsa wajen doki 130. Kafin shi akwai 2H mai lita 4. Ta ɓangaren fetur kuma akwai 3F mai lita 4, sannan 1FZ mai lita 4.5 wanda ƙarfinsa ya doshi doki 200. Babu shakka mai fetur ya fi zafin nama, musamman a rairayi. Amma fa cikinsa babba ne.

Ga lissafi. A 2021 ana sayar da litar mazut dinari 29 a gidajen man Naftal, fetur kuwa dinari 45 da 'yan kai. Daga Tamanrasset zuwa In Gezzam kimanin kilomita 400 ne. Lafiyayyen 1HZ yakan sha wajen lita 13 a kilomita 100, wato lita 52, kuɗinsu wajen dinari 1,500. Tsohon mai fetur da ke shan lita 19 zai lashe lita 76, kuɗinsu ya kusa dinari 3,500. Zuwa kawai ke nan. Mai jigilar dabino ko gishiri sau huɗu a wata ya lissafa na shekara, zai ga inda ribarsa ke zurarewa. Ban da kuɗi ma, a hamada kowace lita rai ce. Motar da tankinta ke kai ta nesa ta fi kwanciyar hankali, kuma jarkokin mai da ta rage ɗauka wurinsu ya zama na ruwan sha.

To, sai wani ya ce ai shi ke nan, a sayi ƙaramin inji a huta. A nan ma akwai tarko. Hilux mai injin 3L, lita 2.8, ƙarfinsa wajen doki 90 ne. Peugeot 504 mai mazut, lita 2.3, wajen doki 70. Waɗannan motoci sun yi wa talaka rana, kuma ga wanda aikinsa kai kayan lambu ko buhunan gari tsakanin ƙauye da kasuwa, sun isa har da saura. Amma ranar da aka labta wa ƙaramin inji kayan da suka fi ƙarfinsa, aka doshi hawa ko gulbin rairayi, direba zai wuni a giya ta biyu ƙafarsa a ƙasa. Man da ake tattali ya tafi, inji ya yi zafi, kuloci ya ƙone. Araha ba ta ado.

Abu na uku shi ne lafiyar injin kansa, domin suna ba ya ja. Ka je da bakanikenka da sassafe, a tayar da motar a gabanka tun tana da sanyi. Mai mazut da ya gaji ba ya ɓoye kansa a sanyin Ahaggar. Shuɗin hayaƙi alama ce yana cin baƙin mai. Baƙin hayaƙi kuwa, a duba famfo da injekta da matatar iska. A buɗe lagireto a ga ko ruwa ya haɗu da mai. Idan 1HZ ne ko 3L, a tambayi yaushe aka canja bel ɗin cikin inji, don tsinkewarsa a hanya babbar asara ce. Mai sha'awar tsohuwar 404 ta fetur kuma ya tuna cewa tun 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma a ƙasar nan, sai ya nemi shawarar bakanike a kan bawul ɗinta.

Saboda haka shawararmu ita ce, mai doguwar tafiya da kaya masu nauyi ya nemi silinda shida mai mazut, ko da zai ƙara haƙuri ya ƙara tari. Mai zirga-zirgar kusa ya riƙe silinda huɗu, ya kuma tsaya iya nauyin da aka yanka mata. Mai fetur babba kuwa, sai wanda aljihunsa zai iya ciyar da shi. Kafin a biya, a loda mata kaya, a hau tudu da ita, domin gani ya kori ji.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.