Kada A Mayar Da Malamin Faransanci Ɗan Cike Gurbi

Tun 1991 aka kafa cibiyar koyon Faransanci a Badagry, a 1996 kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana shi harshen hukuma na biyu a Nijeriya. Duk da haka, a makarantunmu na sakandare da dama, da zarar an rasa malamin Ingilishi sai a ɗauko na Faransanci ya riƙe ajin, darasinsa kuwa ya rage suna kawai a jadawali.

Asarar biyu ce. Ingilishi baƙon harshe ne ga yaron da ya tashi da Hausa, ga shi ba ya shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa, don haka ƙwararren malami yake bukata. Faransanci kuwa da shi ake aiki a Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, maƙwabtan da suka kewaye mu.

Muna kira ga hukumomin ilimi su ɗauki isassun malaman Ingilishi, su bar na Faransanci a ajinsa. Iyaye kuma, a taronku da malamai na gaba, ku nemi sanin wanda ke koyar da 'ya'yanku kowane ɗaya daga harsunan nan biyu.