A Duba Mota Tun A Tasha, Kafin Ta Tsaya A Daji

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Mayanci ta ratsa Anka, ta bi ta Daki Takwas ta shiga Gummi, ya san irin motocin da ke ɗauke da rayuwar wannan yanki. Golf ce da Sharon da Vectra, sai Kanta mai dakon hatsi da dabbobi ranar kasuwa. Wadda direbobi ke kira Golf 3, kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, ya kuma daina kafin shekarar 2000. Ke nan autar cikinsu ta haura shekara 25 a duniya: ta gama aikinta a Turai, ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, sannan ta zo nan ta buɗe sabon babin wahala. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke kai ɗalibi Gusau, ita ke kai buhun gero kasuwa. Babu kuma alamar za a sauya ta nan kusa. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, faɗuwar darajar naira daga 2023 kuwa ta sa ko gwanjon mota ya fi ƙarfin yawancin masu haya. Masu cewa a kawar da tsofaffin motoci daga kan titi ba su faɗa mana da me mutumin Bukkuyum zai je Sakkwato ba. Motocin nan suna nan tare da mu, abin tattaunawa shi ne yadda ake riƙe su.

Yadda ake riƙe su ɗin ne nake ganin ya kamata ya canza, domin al'adar da muka gada ita ce ba a kai mota gareji sai ta tsaya. A Kano ko Zariya, tsayuwar mota ɓata lokaci ne da kuɗin janwe. A yammacin Zamfara lissafin daban ne. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da hare-haren farkon Janairun 2022 ba, ba su kuma manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, direban da motarsa ta mutu a hanya ba shi da hanyar kiran bakanike balle ɗan'uwa. Motar da ta tafasa da la'asar sakaliya a tsakanin ƙauye da ƙauye, da fasinja cike, ta jefa rayukan mutane cikin abin da ya fi ƙarfin sifana da filaya. A irin wannan wuri gyaran mota a kan lokaci yana cikin matakan tsaro, kuma shi ne matakin da ke hannun direba da mai mota ba tare da jiran kowa ba.

Mota ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Tana yin gargaɗi, sai dai mun ƙware wajen toshe mata baki. Babu misalin da ya fi na tamostat fitowa fili. Wata 'yar ƙofa ce a kan hanyar ruwan inji, tana rufe idan injin yana da sanyi, tana buɗewa idan zafinsa ya kai wajen digiri 90, ruwa ya zagaya ta lagireto ya huce. Da zarar mota ta shigo ƙasar nan, ko ta fara nuna zafi, abu na farko da ake yi a gareji da dama shi ne a cire wannan ƙofa a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa daga kunna mota har kashe ta. Hujjar da ake bayarwa tana da daɗin ji: wai don ƙasar sanyi aka yi ta, mu kuwa a Afrilu zafinmu yana wuce digiri 40. Amma a tsakar ranar bazara ƙofar nan a buɗe take gaba ɗaya, cire ta ba ya ƙara wa lagireto ƙarfin sanyaya ruwa. Abin da cirewar ke jawowa shi ne injin ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu. Ƙwaƙwalwar motar tana ganin inji da sanyi sai ta ƙara masa fetur, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. Mota ta ƙara shan mai, inji ya ƙara saurin cinyewa. A injina da dama ma wannan ƙofa ce ke tilasta wa ruwan zafi bi ta lagireto, idan babu ita sai wani kaso ya riƙa zagaye ta gajeriyar hanya bai huce ba.

Ainihin ciwon kuwa yana nan ba a taɓa shi ba. Mafi yawan lokuta lagireto ne ya toshe saboda shekarun da aka yi ana ɗura masa ruwan rijiya ko na gulbi, wanda ke barin tsatsa da farin dutse a cikin siraran bututunsa. Wani lokaci murfin lagireton ne ya saki. Murfin nan ba ado ba ne, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100 ya kai shi wajen 120, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci famfon ruwa ne, ko makunnin fanka, ko ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da suka liƙe fuskar lagireto. Idan aka bar waɗannan aka cire tamostat, allura za ta sauka na ɗan lokaci kowa ya yi murna, sai ranar da aka yi lodi mai nauyi a tsananin rana, gaskit ya ƙone, a sauke kan inji. Daidai yake da mai zazzaɓin cizon sauro da ke ta haɗiyar maganin ciwon kai yana cewa ya samu sauƙi. Haka ake yi wa fitilar gargaɗin da ke kamawa a gaban direba: a liƙe ta da salatif ko a cire ƙwan.

Za a ce wane ne marubucin jarida da zai koya wa bakanike aikinsa, alhali kanikawan nan ne suka riƙe motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su. Wannan gaskiya ce, kuma ban raina ta ba. Mutanen da suka raya Fijo 504 shekara da shekaru, tun zamanin da ake harhaɗa ta a Kaduna, da kunne da hannu kawai, sun cancanci girmamawa. Sai dai ilimin da ya yi aiki a kan kafireto bai isa ga motar da kwamfuta ke auna wa fetur ba. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da wata kafa da ake jona na'ura ta karanta abin da ke damun inji, Turai ta bi sahu a kan motocin fetur daga 2001. Yawancin Corolla da Honda da ke shigo mana yanzu suna da ita. Bakaniken da ba shi da wannan na'ura sai ya koma canke: a canza fulogi, ba ta daina ba, a canza famfon mai, ba ta daina ba, a ce ƙwaƙwalwa ce. Kowane canke mai mota ke biya. Laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Yaro ya koyi abin da ubangidansa ya koya, mai mota kuma yana tsaye a kansa yana cewa a yi masa dabara ya kai yamma. Bakaniken da ya ce sai an wanke lagireto an kwana, sau da yawa maƙwabcinsa mai dabara ne ke karɓe cinikin.

Taya da birki ba su buƙatar dogon bayani, illa dai su ne ke kisa nan take. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Roba tana tsufa ko zanenta bai goge ba, tsofaffin tayoyin ƙananan motoci kuma suna cikin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su, amma su ne cike da kasuwa. Mai faci yakan ɗura iska har sai taya ta yi tauri yadda ƙafa ba ta lotsa ta, alhali awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofa ko murfin tanki. A haɗa tsohuwar taya da iskar da ta wuce kima da kwalta mai zafi da motar mutum biyar da aka cusa wa ninkin haka har cikin but, sauran sai addu'a. Ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a Maris na 2016 bayan fashewar taya, kuma motar ba ta tasha ba ce. Man birki shi ma yana tsotsar danshi a hankali, shi ya sa masu ƙera motoci da dama ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Wanda ya cika shi da ruwan sabulu ya san abin da ya yi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Fasinja sun ragu, kasuwannin ƙauye sun yi rauni, direba yana da balas da zai kai wa mai mota kowace rana ko ya samu ko bai samu ba. Da me zai sayi ruwan lagireto na gora da taya sabuwa? Amsar ita ce tsadar man ce ma ta sa sakaci ya fi ƙarfin talaka. Motar da aka cire wa tamostat, matatar iskarta ta toshe da ƙura, fulogoginta sun mutu, tana ƙona kuɗin gyaran nata a kowace tafiya, sai dai a ɓoye, lita bayan lita. Juyen baƙin mai a kan lokaci kuɗi ne da ake iya tanada, bugun inji kuwa yakan raba mutum da sana'arsa. Inda matsalar take shi ne tsarin balas: direba ba shi da riba idan ya ajiye mota rana guda, mai mota ba ya cikinta balle ya ji ƙarar da ta canza. Kowannensu yana tura gyaran ga ɗayan. Yarjejeniyar da ta ware ranar sabis ba balas, da adashen kayan gyara a tsakanin direbobin layi ɗaya, za su yi maganin abin da wa'azi ba zai yi ba.

Wasu za su ce duk wannan ɗora wa talaka nauyin gwamnati ne: a gyara hanya, a kawo tsaro, a hana jabun kaya. Haƙƙi ne a nema, kuma ba a daina nema ba. Ramin titi shi ke karya shokazoba da sifirin, ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a Agustan 2024 tana barin hanyoyi a lalace. Gurɓataccen mai ma ba ƙage ba ne, a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, balle na galan da ake saye a hannun 'yan bumburutu inda gidan mai ya yi nisa. Amma mummunar hanya dalili ce ta ƙara duba mota. Abin da ba na goyon baya shi ne a mayar da amsar ƙarin shinge. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana aiki tun 1988, ga jami'an duba lafiyar motoci na jiha, amma tsayar da mota cike da mutane a tsakiyar hanya don a leƙa takarda ba ya gano lagireton da ya toshe, kuma a wannan yanki tsayuwar kanta haɗari ce.

Wurin da ya dace shi ne tasha. Can ne kawai motar haya ke tsayawa da sanyin inji, can ne ƙungiyar direbobi ta NURTW ke da iko na gaske, tunda ba a lodi sai da iznin ɗan kamasho. Wanda ke iya hana mota lodi saboda ba ta biya kuɗin layi ba, yana iya hana ta saboda taya ta tsage ko birki yana nutsewa. Dubawar ba ta wuce ta 'yan mintoci ba: ruwa, baƙin mai, taya har da safaya, birki, fitila, fambel. A ajiye littafi a ofishin tasha da ranar juyen kowace mota. Ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum za su iya sayen na'urar karanta inji da ma'aunin matsin lagireto su damƙa wa ƙungiyar kanikawa, kuɗin bai kai na walimar siyasa guda ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, a mazaɓar sanata ɗaya da waɗannan garuruwa, tana iya shirya gajeren horo da Hausa ga masu gareji da yaransu a lokacin da aiki ya yi sauƙi.

A cikin wannan horo dole batir ya samu gurbi. Kowane batirin mota yana ɗauke da dalma kilo da dama, kuma idan ya mutu yakan ƙare a hannun 'yan jari-bola, wani lokaci a fasa shi a zubar da ruwansa a ƙasa inda yara ke wasa. Babu yankin da ya kamata ya ji tsoron wannan kamar wanda ya binne yara aƙalla 400 a annobar gubar dalma ta 2010, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Saura abu ɗaya da zai iya rusa tsarin tasha tun ranar farko, wato tsoron rasa layi. Direban da ya kwana yana jiran juyinsa ba zai yarda a fitar da shi saboda fambel ba, zai nemi ɗan kamasho su daidaita a bayan rumfa. Don haka ƙa'idar ta zo da sharaɗi: motar da aka mayar gareji ba ta komawa ƙarshen layi, tana dawowa da shaidar bakanike ita ce ta gaba a lodi.