Sunan Aro da Buhun Shinkafa

'Yan'uwana mata, a watan Janairun 2024 kantin Shoprite na Ado Bayero Mall a Kano ya rufe ƙofa bayan kusan shekara goma yana ciniki. Da yawanmu ba mu san cewa tun 2021 masu shi na Afirka ta Kudu suka sayar da kantunansu na Nijeriya ga kamfanin Ketron ba. Amma sunan ba su sayar ba, aronsa suka bayar bisa yarjejeniya. Duk ranar da irin wannan yarjejeniya ta ƙare, wajibi ne a sauke allon suna, a daina buga shi a leda da rasit.

To, me ya kawo zancen nan shafinmu? Yauri ce ta kawo shi. Sai ki ga mace ta yi shekaru tana dillancin shinkafar wani kamfani, in sun rabu ta kwashe ragowar buhunansu ta cika da tata, ta kai kasuwar Yelwa. A ganinta ai buhu ne kawai. Dokar alamar kaya ta 1965 kuwa ta ba mai alamar da aka yi wa rajista ikon kai ta kotu ya nemi diyya. Mai saye ma an yi masa algus.

Ni dai ban ga abin da shinkafar Yauri za ta yi da sunan aro ba. Ku 'yan makaranta, kafin Inna ta dangwala yatsa, ku karanta mata takardar, musamman inda aka faɗi abin da za ta mayar ranar rabuwa.