A bar mai rubuta kiɗa ya tafi da saitinsa

Mai rubuta kiɗa a kan layukan nan biyar da manhaja irin su Sibelius, Dorico ko MuseScore yakan shafe shekaru yana gyara ta har ta kama hannunsa. Ya ware maɓalli ga alamar da yake yawan sawa, ya zaɓi kaurin layi da tazarar da ke tsakanin sahun goge da na sarewa, ya ajiye tsarin shafin da makaɗansa suka saba karantawa. Ranar da ya bar kwamfutar wurin aiki ya buɗe ta gida, sai ya tarar da manhajar kamar yau aka girka ta, yatsa ya danna inda ya saba, wani abu dabam ya fito. Laifin masu ƙera manhajar ne, domin su suka binne saitin inda mai shi bai san hanya ba. Dorico na adana maɓallan da mutum ya tsara a wani ɗan fayil cikin jakar AppData a Windows, ko Library a Mac, kuma duka biyun a ɓoye suke zuwa. Sibelius da MuseScore suna barin a fitar da salon shafi, amma gutsi-gutsi ne, ka kwaso wannan ka manta wancan.

Za a ce kwamfutoci ba ɗaya suke ba, kuma gaskiya ne. Na'urar sautin ofis ba ita ce ta gida ba, girman allo ya bambanta, don haka kwafe komai ido rufe na iya sa manhaja ta ƙi fitar da ko ƙyas. Amma wannan dalili ne na raba saitin gida biyu: na inji ya zauna a kan injin, na mutum kuwa a zuba shi a jaka guda da zai ajiye inda ya ga dama, ko da a filashi ne. Masu dabara sun daɗe suna ɗaure ɓoyayyiyar jakar da Dropbox, sai dai wannan aikin gwanayen kwamfuta ne, kuma in an buɗe manhajar a wuri biyu lokaci guda, kwafi biyu kan yi karo.

Wasu kuma na ganin a bar wa kamfani ya riƙe saitin a asusun mutum ta intanet. Da sauƙi, ba shakka, ga wanda intanet ɗinsa ba ya ɗaukewa. To amma a tuna da manhajar rubuta kiɗa ta Finale, wadda ta fito a 1988. A watan Agustan 2024 kamfanin MakeMusic ya ce ya daina gina ta, har ya sanar cewa bayan shekara guda ba za a ƙara iya yi mata rajista a sabuwar kwamfuta ba, sai da masu amfani suka yi caa sannan ya janye wannan. Da a rumbun kamfanin saitinsu yake, da sai abin da ya ga dama.

Kuma ba gagara abin ya yi ba. Waɗannan kamfanoni masu gasa da juna sun amince da MusicXML don ɗaukar kiɗa daga wannan manhaja zuwa waccan, aikin da ya fi ɗaukar saiti wuya nesa ba kusa ba. Abin da ake nema a nan wuri ɗaya ne a shafin saiti da zai tambayi mutum jakar da yake so a ajiye masa kayansa.